Muryar da Ta Kira Shi a Kan Rimi

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara, irin zafin nan da kaza ke sakin baki tana haki a gindin randa. Ranar nan da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki, ina jan carbi ina gyangyaɗi, sai na ji ƙarar inji daga wajen tsohuwar rijiya. Na tambayi matar ɗana, ta ce masu gyaran itatuwa ne aka ɗauko daga Makarfi, za su rage wa rimi rassa kafin iskar farkon damina, don kada ya sauke su a kan wayar wuta. Na ce ta miƙo mini sandata da mayafi.

Samari ne, da hulunan kwano da ɗamara mai ƙarafa da igiyoyi masu launi. Ba zan ci zalinsu ba, sun san aikinsu. Sun tare hanya da jan ƙyalle, sun kori yara, kuma na lura ta ƙasa suke fara yankan reshe kafin su koma ta sama, yadda ya kamata. Abu ɗaya ne ya tsinka mini zuciya. Da aka kashe inji, na ƙasa ya ɗaga kai ya ƙwala wa na sama kira, ya ce, "Sani, koma hagu." Na saman kuwa ya amsa, har da waigowa. Ban san lokacin da hannuna ya kai bakina ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, wannan ita ce sana'arsa tun ba a san inji ba a ƙasar nan. Da damina manomi ne kamar kowa, amma da an kai amfani gida sai ya saɓa igiya da gatari ya shiga ƙauyuka, daga nan wajenmu kusa da Janfalan har Kurmin Kogi, wani lokaci har Gazara. Duk itacen da ya sunkuyo kan ɗaki, ko ya fara mutuwa daga sama, ko gara ta ci cikinsa, shi ake nema. In kana son ɓacin ransa ka ce masa mai saran itace. Cewa yake shi wanzamin itatuwa ne, aski yake yi musu, ya cire abin da ke ciwo, ya bar su da ransu. In ya sare reshe sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin, don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da uwar. Kafin ya hau kuwa sai ya zagaya itacen yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gatari, kunnensa a jikin ɓawo, kamar mai sayen tulu a kasuwa.

Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba. Malam nake ce masa, haka uwata ta koya mini. A zamaninmu mace ba ta kama sunan mijinta, ko yaron maƙwabta ne ya ci sunan sai dai ki ce masa Mai Sunan Malam. Yanzu ina jin matar ɗana tana jefa sunan nata mijin daga madafa har zaure, ban ce ta yi laifi ba, na dai ce kunnena bai saba ba.

Sana'ar hawa tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. In mutum yana sama, ba a kiran sunansa. Shi ma in ya ji an kira, ba ya amsawa, ba ya waigawa. Abin da za a faɗa masa da igiya ake faɗa, a ɗan ja ta ya gane. Dalilin a wurin surukata Iya na ji shi, tun ina amarya. Ta ce manyan itatuwa ba kango ba ne, da masu su a ciki, kuma sun iya aron murya. Mahaifin Malam, wanda ya koya masa hawa, yana kan wata ɗorawa ya ji ƙaninsa na kiransa, ya juya ya ce na'am, ƙafarsa ta goce. Ƙanin kuwa ranar yana kasuwar Ikara. Tsohon ya rayu har ya ba da labarin da bakinsa, sannan ya cika.

Na taɓa tambayar Malam ko shi ma yana jin kiran. Ya ce, "Kullum. Wani sa'in muryar Iya, wani sa'in ta abokai, har da waɗanda suka riga mu. In kin saba, kamar kukan kurciya ne." Na ce Allah ya kyauta, na tashi na bar masa wurin.

Shekarar da nake nufi ta haura talatin yanzu. Daminar da ta gabace ta, ruwa ya ɗauke dawa na da ciki, masara ta bushe a tsaye. Abin da muka kai rumbu bai kai mu ko'ina ba. Kafin watan azumi ya tsaya, in ka leƙa rumbunmu ƙasansa kake gani da kashin ɓera, ɓeran ma ya yi ƙaura. Ga yara ƙanana, ga na goye, ga Iya da tsufa. Duk gidan nan, bayan Allah, a kan ƙafafun mutum ɗaya yake tsaye, kuma ƙafafun nan kullum suna sama.

Da asuba nakan dama kunu, irin wanda in ka leƙa ƙwarya kake ganin fuskarka. Mu sha, mu ɗora ruwa a kai har ciki ya yi nauyi, mu yi niyya. Gari na wayewa maza su tafi sharar gona, su tara kara da ƙaya su cinna wuta, su dawo tun rana ba ta take ba. Daga nan sai kwanciya. Akan yayyafa wa tabarma ruwan da aka yi alwala da shi, a kwanta a ƙarƙashin rumfa, kafin ka juya ta bushe. Ƙasa ba ta takuwa da ƙafa babu takalmi. Gari ya yi shiru, sai kukan gyare da ke shiga kunne ya zauna.

Yara ba su san azumi ba, yunwa suka sani. Garin ɗorawa nake dama musu da ruwa, su sha, bakinsu ya yi rawaya, su fita suna lasar yatsu. Zogalen gidan kowa an tsige shi har ya zama sanda. Da la'asar mata mu haɗu a turmi ɗaya, wannan ta kawo ɗan busasshen rogo, waccan ta kawo dusa, a daka a raba. Ba wadda take tambayar wata me ya rage mata, don amsar a fuska take. In magariba ta yi, ruwa ake fara sha, a sha shi a hankali kamar magani, sannan kwaɗon busasshiyar rama da ƙuli-ƙulin da ba ya wuce ƙamshi. Kwano ɗaya yakan zaga gida uku a matsayin sadaka, har wata rana na ga nawa ya dawo mini da abin da na zuba.

Ruwan ma shi ne babbar magana. Rijiyoyin cikin gidaje duk sun ƙafe, ɗaya ta rage, ta gindin rimi. Shekarar nan ta fasa kulle, don maza ba su isa su yi gona su yi ɗiban ruwa ba. Matan da ko ƙofar zaure ba su sani ba, sai ga mu a layi da tuluna. A zura guga ya daɗe yana tafiya, ya fito rabi, rabin ma da laka. In an ja kaɗan sai a dakata a jira idon ruwa ya tara. Saboda haka yini ake yi a wurin, kuma inuwar rimin ce kaɗai inuwa.

Rimin nan ya girmi garin. Saiwoyinsa sun tashi kamar katangu, yaro yakan shige tsakaninsu a rasa shi. A lokacin ya fasa ’ya’yansa, audugarsa na ta sauka fara fat, ko da babu iska ko kaɗan, ta sauka a kan mayafi, a kan tulu, a bakin jariri. Duk rassansa sun fara sabon ganye, ban da guda ɗaya, wani ƙaton reshe da ya miƙe ta gabas daidai saman rijiya. Shi ya tsaya tsirara, fatarsa ta yi toka-toka. Shamuwa ta iso a kan lokacinta, muka yi murna muka ce damina ta kusa, amma muka lura tana zagaya reshen nan ta wuce, ba ta sauka a kansa. Tun kakanni kuwa a nan take sheƙa.

Wata rana da azahar, iska ba ta motsa ko ganye ba, wani guntu ya ɓalle daga bakin reshen ya faɗo. Ba a ji ƙararsa ba sai da ya iso ƙasa. Ya farfasa tuluna, ya karya bayan jakin wani Bafillace da ya zo shayarwa. Inda jakin yake tsaye, nan na tsaya da safiyar ranar da yaro a bayana. Daga nan muka koma jan guga ido na sama.

Washegari mai unguwa ya yi sallama a zaurenmu. Ina daga bayan ƙofa ina ji. Bayan sun gama gaisuwa da tambayar iyali da ibada, ya ce, "Malam, ka ga halin da ake ciki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. In iskar farko ta tarar da reshen nan, ko ta kashe mana mutum ko ta rufe mana rijiya, kuma ba mu da wata."

Malam ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe."

Iya ba ta jira an nemi bakinta ba. Daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Rimin nan ko ubansa bai taɓa hawansa ba."

Mai unguwa ya ce, "Haba Iya, ai watan azumi ne, an ɗaure su."

Ta ce, "Na yawo aka ɗaure. Waɗannan a gidansu suke."

Can mai unguwa ya ce kowane gida zai kawo ɗan hatsin da ya samu. Gaskiya da na ji maganar hatsi, cikina ya amsa kafin zuciyata. Amma da Malam ya shigo na tare shi na ce, "Malam, da azumi a bakinka, ga jiri, ga jiki babu abinci. Ka bari sai bayan salla mana."

Ya ce, "Hadari ba ya jiran salla, Ladi. Kuma ke ma a ƙarƙashinsa kike yini."

Ya fi ni gaskiya, kuma na ji haushin hakan.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ya ɗauki kwanaki yana shiri. Ya warware igiyoyinsa na rama, waɗanda shi ya tufka da hannunsa, ya bi su taƙi-taƙi yana dubawa. Ya jiƙa su da ruwan da na so in dafa abinci da shi, ya sa ƙarti suka ja ta nan suka ja ta can. Ya fere turaku na ƙirya da zai kafa a jikin itacen ya taka, don rimi in ya tsufa santsi gare shi. Ya wasa gatari da adda har suna aske gashin hannu. Sannan ya je ya zagaya rimin yana ƙwanƙwasawa. Da ya dawo ya ce uwar lafiya take, reshen ne ya mutu. Ya ce wani ne tun da daɗewa ya sassari ganye a wurin ya bar rauni a buɗe, ruwa ya samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ana gobe zai hau, da la'asar sakaliya, ya je ya yi wa itacen sallama. Wannan ma dokar sana'a ce, ba a faɗa wa mutane gida babu sanarwa. Ina bakin rijiya da sauran mata, muka ja baya. Ya tsaya tsakanin saiwoyi, ya cire takalmi, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ɓawo, ya yi magana yadda ake yi wa maƙwabci.

Ya ce, "Salamu alaikum masu wuri. Gobe da hantsi zan hau. Ba gidanku zan rushe ba, abin da ya mutu zan sauke. A janye yara."

Wallahi gyaren da ya yini yana kuka ya yi tsit, kamar an toshe mini kunne. Audugar da ke sauka ta ci gaba da sauka, ita kaɗai ke motsi. Wata mata kusa da ni ta saki igiyar guga, muka ji faɗuwarta can ƙasa. Malam ya sa takalminsa ya juya ya tafi masallaci, bai waiga ba.

Da safe aka rufe bakin rijiya da gumagumai da zana. Maza masu riƙe igiya suka tsaya ta yamma da itacen, daga nan za su riƙa sakin igiya ana sauke guntaye. Mu mata aka kora mu gabas, jikin dangar gidan mai unguwa. Iya na gefena, kafaɗarta na gogar tawa, kanta a ƙasa tana jan carbi, dama idonta ba ya gani da nisa. Mai unguwa ya zaga ya gargaɗi kowa, ya ce duk wanda ya san bakinsa ba ya riƙuwa ya koma gida. Garin duka yana wurin, amma kana jin numfashin na kusa da kai.

Malam ya kafa turaku yana takawa har ya kai inda rassa suka rabu. Ya jefa igiya kan wani reshe na sama, ya ɗaura a ƙugunsa, ya bi mataccen reshen a zaune yana jan jiki. Daga baki ya faro. Ya ɗaure guntu, ya sara ta ƙasa, ya sara ta sama, guntun ya rabu ya yi lilo, maza su saki igiya a hankali har ya taɓa ƙasa. Ya ja baya, ya sake. Rana tana hawa, ina ganin gumi na ɗigowa daga gwiwar hannunsa. Saran gatari ne kaɗai ke tashi, kowane sara kuma a ƙirjina yake sauka.

Da hantsi ya yi sosai, saura kututturen reshen, wanda ya fi kauri, mutum biyu ba za su rungume shi ba. Ya miƙe tsaye a kansa. Igiyar ƙugunsa ta ƙare masa tsawo, dole ya kwance ta ya mayar da ita wani reshen. Wannan ɗan lokacin shi ne kullum ya fi tsoro a aikin, shi da kansa ya sha faɗa mini. Ya kwance, yana naɗe ta a hannu zai jefa.

A nan na ga abin. Daga ƙarƙashin kututturen, daidai inda ya haɗu da uwar, wani jan gari yana zubowa siriri kamar ana tankaɗe. Sai tururuwa suka biyo baya, baƙi ƙirin. Sai fatar itacen ta fara buɗewa a hankali, babu ƙara ko kaɗan. Ta sama inda yake tsaye lafiya lau, cin yana ta ƙasa. Maza suna can ɗaya gefen, uwar itacen ta tare musu gani. Igiyar da za a ja a yi masa magana tana naɗe a hannunsa.

Na buɗe baki. In ce Malam? Ba zai ko motsa ba, ya saba da jin wanda ya fi wannan. Sunansa na yanka ne kawai zai iya ratsa shi, sunan kuma ya taso har maƙogwarona ya tsaya. Doka ta riƙe shi, kunya ta riƙe shi, ga harshe ya bushe kamar fata. In na kira ya waiga ya goce kamar ubansa fa? In na yi shiru kuma ga tsagar tana ƙaruwa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma tsoron bai sa na yi komai ba. Hannuna na samu a kan bakina, na danne shi.

Sai na ga Malam ya tsaya cak. Ya ɗaga kai sama, wajen ƙololuwar rimin, yadda mutum yake yi in an kira shi. Ya saki igiyar, ya yi tsalle ya rungume reshen da ke tsaye a gabansa, da hannu da ƙafa.

Kututturen ya tafi. Da ya bugi ƙasa sai da danga ta girgiza a bayanmu. Ya dare biyu, cikinsa fanko, babba zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Wani wari ya taso irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ko a nan ba wanda ya kira sunansa. Salati kawai ke tashi ƙasa-ƙasa.

Ya daɗe a manne. Can ya lallaɓa ya sauko kan turakunsa, aka jefa masa wata igiya, ya ɗaure ƙugu. Mun zaci saukowa zai yi. Ina, mutumin nan sai da ya daidaita bakin raunin da adda, ya jawo ƙwaryar laka da kashin shanu, ya shafe shi tsaf, sannan ya sauko. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya zauna a wurin, maza suka kewaye shi. Ni gida na wuce, na shiga ɗaki na yi kukan da ban san ina da ruwansa a jiki ba.

Da aka sha ruwa muna zaune a tsakar gida, ni da shi da Iya, yara na wasa da audugar rimi. Gidaje sun aiko da abin da suka iya, na yi tuwo na gaske karon farko a watan. Ya kurɓi kunu, ya dube ni yana murmushi.

Ya ce, "Ladi, ashe kin iya faɗin sunan."

Na ce, "Wane suna?"

"Nawa mana. Yau na ji shi a bakinki."

Na ce, "Malam, wallahi ban kira ka ba."

Ya ce, "Kunya kike ji? Ai ba laifi, rai kika ceta."

Iya ta ce, "Ba ta kira ba. Kafaɗata na jikin tata. Ko tari yarinyar nan ba ta yi ba."

Ya ajiye ludayin a hankali. Ya ce, "Muryarta ce, Iya. Ta kama sunana, ta ce kama na gabanka."

Iya ta ce, "To kai da ba ka amsa kira, me ya sa ka bi wannan?"

Ya ce, "Shekara da shekaru suna aron muryar kowa, ba su taɓa aron tata ba, sun san ba zan yarda ba. Sai na ce in har Ladi ta iya furta shi a gaban mutane, to mutuwa ce a ƙarƙashin ƙafata." Ya dubi ƙwarya. Can ya ce, "Sai yanzu nake tunawa. Daga sama muryar ta zo."

Mun dai cinye tuwon, don yunwa ba ta barin mutum ya yi dogon mamaki.

Ba a rufa mako ba hadari ya taso da la'asar, baƙi ƙirin, da iskar da ta yaye jinkar ɗakuna ta kwantar da dangogi. Rimi ya yi ta kaɗawa yana gurnani, bai yar da ko tsinke a kan rijiya ba. Ruwa ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle, muka jera duk abin da ke riƙe ruwa a bakin indararo. Washegari kowa ya fita shuka da ɗan irin da ya ɓoye wa cikinsa. Yunwa ba ta tafi ba sai da masara ta nuna, amma tafasa ta fito, ciyawa ta fito, mutum ya san inda ya dosa. Mataccen reshen aka faskara aka raba gida-gida, wasu suka ƙi karɓa, ni kuwa na dafa da shi.

Da labarin ya fita, liman ya ce mala'ika ne, Allah yana tsare bawansa ta inda ya so. Iya ta ce masu wuri ne, an shiga musu da sallama, su ma suka yi halin girma. Ni ban sani ba, kuma ban taɓa cewa na sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata aba ta ari muryata ta faɗi abin da na kasa faɗa. Na gode mata, ’ya’yana sun tashi da ubansu. Amma na daɗe ina jin haushinta.

Malam ya ci gaba da hawa har gwiwa ta hana shi. Bai mutu a kan itace ba, a kan gadonsa ya cika, da furfura. A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da la'asar ina yi masa fifita, ya ce, "Ladi, faɗi sunan sau ɗaya in ji."

Na ce, "Haba Malam, da tsufana?"

Ya ce, "So nake in gwada."

Na leƙa ƙofa na ga ba kowa. Na sunkuya na faɗa, a hankali, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. Ya rufe ido ya karkata kai, yadda yake yi in ya ɗora kunne a jikin itace. Ya daɗe, sannan ya ce, "Ita ce. Babu bambanci ko na ƙwayar gero." Bai ƙara kwana da yawa ba.

Ranar nan da samarin Makarfi suka gama aikinsu, na tsaya har na saman ya sauko. Ya gaishe ni da ladabi, na yi masa sannu da aiki, na ce, "Ɗan nan, ba ka ji komai a sama ba?"

Ya yi dariya, ya nuna mini wasu abubuwa da suke toshe kunne da su, ya ce, "Hajiya, in inji na aiki ko aradu ba na ji."

Na ce Allah ya tsare. Suka naɗe igiyoyinsu, suka shiga mota suka tafi. Rijiyar an daɗe da rufe ta, famfo ake bugawa yanzu a bayan masallaci, saboda haka wurin ya koma ba kowa. Audugar rimi na ta sauka, babu iska. Na ga har yanzu ana gane inda Malam ya shafe, fata ta rufe wurin ta bar tabo.

Na lura ba wanda ya yi musu sallama, sai na matsa tsakanin saiwoyin, na cire takalmi, na ɗora hannuna a jikin ɓawo. Na ce, "Masu wuri, a yi haƙuri, yara ne, ba su sani ba." Gyare ya yi shiru.

Ban tsaya ba. Na laluba takalmina na kama hanya da saurin da gwiwa ta yarda, ban waiga ba. Tsoro nake ji a kira sunana da muryarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne, na san zan amsa.